WASIƘAR DA MUKE SHAWARAR KAI WA JAMI'A
Jawabin malaman lakwal a taron ƙungiyar ƴan garinmu



Mai gari, Allah shi ja zamaninka. Liman da malamai, Allah shi gafarta muku. Iyayenmu dattawa maza da mata, ƴan'uwanmu da suka taso daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa domin wannan taro, da ku ƴan ci-rani na Kano, Kwatano, Abijan da Aljeriya waɗanda wannan takarda za ta iske ku can inda kuke neman abinci, muna gaishe ku gaba ɗaya, muna yi muku barka da kaka.

Kwamitin ƙungiya ne ya ɗora mana, mu malaman lakwal na garin nan, nauyin yin bayani bisa shawarar da aka kawo a taron da ya wuce, watau a rubuta wa jami'ar Maraɗi wasiƙa, a nemi ta turo mana ɗalibanta masu karatun noma su yi aiki tare da mu a gonakinmu, mu kuma mu ba su aron fili da masauki. Ranar nan ba a rabu da baki ɗaya ba. Wasu daga cikin iyayenmu sun ce me ya haɗa mai hauya da mai alƙalami. Wasu suka ce ƙasa in ta shiga hannun masu takarda, da wuya ta dawo. Maganganun nan biyu ba na wasa ba ne, kuma waɗanda suka faɗe su sun ga abin da mu yara ba mu gani ba. Saboda haka ba mu zo mu ƙaryata kowa ba. Mun zo mu shimfiɗa abin da muka sani, sannan manya su yanke.

Da farko, ita jami'ar. Lokacin da ƙasarmu ta samu mulkin kai a 1960 ba mu da ko ɗaya. Yaron da ya gama lise sai a tura shi Dakar, Abijan ko Faransa. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a, can hayin kogin Isa, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni. Shekara da shekaru ita kaɗai ce ta gwamnati. Sai a 2010 aka kafa ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 aka ƙara ta Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Tamu ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma tana da sashe guda na karatun noma da muhalli. Ke nan abin da kakanninmu ke ji kamar labarin bayan teku, yau tafiyar rabin yini ce cikin mota. Ɗiyan talakawa ne ke cikinta, wasunsu ma daga azuzuwanmu suka fita, da takalmin roba da allo a hammata.

Akwai wata magana da jami'o'in duniya suka ɗauka tun fiye da shekara talatin da suka wuce, wadda ake fassarawa da ci gaba mai ɗorewa. Kada sunan ya ba ku tsoro. Duk manomin da ya taɓa rataye zangarniyar iri a rumbu ya hana a taɓa ta ko da yara na kukan yunwa, ya riga ya san ma'anarta: a ci na yau, kada a cinye na gobe. A 1990 shugabannin jami'o'i 22 suka taru a wani ƙauye mai suna Talwar a ƙasar Faransa, suka sa hannu bisa alkawari mai sharuɗɗa 10. Cikin sharuɗɗan akwai cewa jami'a ta fara gyara gidanta, watau yadda take cin ruwa da wuta da yadda take zubar da shara, kafin ta koya wa wani. Akwai cewa ta yi aiki da mutanen da ke kewaye da ita. Akwai kuma cewa ta taimaki ƙananan makarantu irin tamu. Daga baya ɗaruruwan jami'o'i suka bi sahu.

Mu a Nijar ba mu jira Talwar ba. Shi Abdu Mumunin da muka ambata, haifaffen Tasawa ne a 1929, ya rasu a 1991. Masanin kimiyya ne da ya ba da rayuwarsa ga aikin hasken rana. Ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL tun 1969, inda aka ƙera tukunyar dafa abinci da tankin zafafa ruwa masu aiki da rana kawai, ya kuma riƙe jami'ar Yamai daga 1979. Abin da ya dame shi, shi ne abin da ke damun iyayenmu mata har gobe: icce na ƙarewa, rana kuwa tana dukanmu kyauta. Faifan sola da ƴan ci-rani ke aiko wa gida yanzu don cajin salula da kunna fitila, mutumin nan ya hango su tun ana yi masa kallon mai mafarki.

To, mu koma ga tambayar farko, abin da ya haɗa hauya da alƙalami. A nan za mu ɗan daɗe, domin labarin namu ne, kuma sau da yawa ana ba da shi a birkice.

Bayan yunwar 1973 da 1974, hukuma da masu ba da taimako suka duƙufa wajen dashen itatuwa. Tun 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen icce. Aka kafa gandayen reno, aka raba bedi da turare cikin leda. Wani wuri abin ya kama, kamar jerin bedin da aka fara dasawa a kwarin Majiya wajen Buza a 1975 don tare iska. Amma a yawancin wurare, dashen da aka yi da kiɗa da tafi a watan Agusta, kafin watan Maris awaki da gara da rani sun gama da shi. Dalili ɗaya kowa ya san shi amma ba a faɗa a gaban baƙi: icce ba na manomi ba ne. Dokar daji ta 1974 ta sa gawo da wasu itatuwa ƙarƙashin kariyar hukuma, har mutum ya sare reshe a gonar ubansa ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai kowa ya riƙa share gonarsa ƙal, ya ƙone toho tun yana ƙarami. Har ma an koya mana cewa gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki.

A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da muke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce. Kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu mai zurfi a ƙasa. In aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin shekara uku ko huɗu sai ga icce ya fi mutum tsawo, ba ban-ruwa, ba leda, ba ko dala. Wannan ne aka sa wa suna sassaben zamani. A yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, an raba abinci ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Da rabo ya ƙare da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfanin, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A shekarar nan ce kuma, cikin watan Mayu, gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. A ƙasar Damagaram kuwa, wajen Magarya, Matamai da Mirya, manoma da kansu suka cika gonaki da gawo ba tare da wani furoje ya tsaya a kansu ba. Dama can sun gaji abin: ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani bisa duk wanda ya sare gawo. Kuma ba wanda ya koya wa manomi cewa gawo na kaɗe ganyensa da damana ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da ƴaƴa, ko cewa hatsin gindinsa ya fi na fili kauri.

Shekara ashirin ana wannan aiki, manyan birni ba su sani ba. Rahotanni na ta cewa hamada na cinye Nijar. Sai wajen 2004 zuwa 2009 masu bincike, cikinsu har da malaman jami'ar Yamai da abokan aikinsu na waje, suka ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975, suka gwada su da na tauraron ɗan'adam, suka kuma shiga ƙauyuka suka ƙirga da ƙafa. Suka iske fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa, kimanin icce miliyan 200.

Ku duba da kyau. Ba jami'a ce ta tsirar da itatuwan nan ba. Kalgo da sabara da gawo da aduwa hannun talaka ne ya rene su. Amma da masu alƙalami ba su ƙirga sun rubuta ba, da har yau aikin nan ba shi da shaida a gaban hukuma. Bayan an samu shaida ne magana ta canza, har a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta amince cewa wanda ya reni icce a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Manomi ya yi aiki, malami ya tsaya masa shaida. In an tambaye mu abin da ya haɗa su, amsarmu ke nan.

Akwai kuma inda ilimin ya biyo ta ɗayar hanyar. Ku tuna yadda muke sayar da wake da kaka a wulaƙance don tsoron ƙwari, ko mu zuba masa maganin da ke sa iyali ciwon ciki. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, ya fito ne daga aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike na arewacin Kamaru da na nan, aka fara yaɗa shi a 2007. A Maraɗi, Malam Ibrahim Bawa, wanda ya yi aiki a INRAN kafin ya koma koyarwa a jami'ar Maraɗi, yana cikin waɗanda suka gwada shi. Sirrinsa ba magani ba ne: in an ɗaure baki da kyau, ƙwarin na shanye ɗan iskan da ya rage a ciki, sai su mutu. Iyayenmu da ke toshe bakin tulu ko duro da laka sun san rabin wannan. Abin da ya burge mu shi ne yadda aka kawo shi. Ba a tsaya ga jawabi ba. An ɗaure buhu a gaban jama'a a dandali, aka bar shi hannun mutanen gari, bayan watanni aka dawo aka kwance a gaban kowa. Haka ake shigo wa mutane da sabon abu.

Haka nan maganar murzuna, tsutsar da ke bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an naɗa zare. Akwai wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke harbin tsutsar ya ajiye ƙwansa bisa jikinta, ɗiyansa su cinye ta. Dama yana cikin dajinmu, sai dai yakan yi yawa bayan ɓarna ta riga ta auku. Tun wajen 2006 masu bincike na Nijar, Mali da Burkina suka riƙa kiwonsa, suna sa shi cikin ƴan ƙananan buhuna a rataye a ƙauye lokacin da hatsi ke fidda kai. Shi ɗan zanzaron nan bai san iyakar gona ba. In ya fita, gonar mai gari da ta gwauruwa duk ɗaya ne gare shi. In kuma mutum ɗaya ya yi feshi barkatai, ya kashe wa gari duka. Aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙungiya ke nan, kuma ƙungiya muna da ita.

Yanzu tambaya ta biyu, ta ƙasa, wadda ta fi nauyi.

Iyayenmu suna da hujja. Garin nan ya sha ganin baƙi masu farar mota da takardun tambaya: awaki nawa gare ka, dami nawa ka samu, sau nawa kuke ɗora tukunya. A ɗebi ƙasarmu cikin leda, a ɗauki hoton tsofaffinmu, a sha furarmu, a tafi. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, balle mu san abin da ƙasar ta faɗa musu. Wani ya samu digiri da amsoshinmu, mu ko kwafi ɗaya ba mu gani ba. Ba mu ce kowa haka yake ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Don haka shawararmu ita ce kada a sayar, kada a bayar kyauta. Aro ne, na shekara uku, fili ɗaya da mai shi ya yarda da bakinsa, a rubuta takarda gaban mai gari da kwamitin ƙasa na gari, wanda tsarin dokar karkara ta 1993 ya tanada domin irin wannan. A rubuta a ciki cewa duk iccen da ya tashi a filin na mai fili ne. Kada filin ya taɓa burtali ko mashaya. Ƴan'uwanmu Fulani su san da maganar tun kafin a kafa turke, ba bayan an kafa ba. Kada kuma a ɗauki gamanar mace don ita ce ba ta iya musu a taro.

Sharaɗin da mu malamai muka fi dagewa a kai shi ne wannan: duk ɗalibin da ya yi bincike a nan, kafin ya je gaban malamansa ya kare aikinsa da faransanci, ko bayan ya kare, ya dawo ya tsaya a dandalin nan ya faɗa mana da Hausa abin da ya gano, a yi masa tambayoyi, ya bar kwafi ɗaya a lakwal. In bai iya bayyana wa kakarsa aikinsa ba, to, da saura. Kuma abin da za a bincika, a tambaye mu. Mu muka san inda ke yi mana ƙaiƙayi: ƙuduji da ke cinye hatsi a tsohuwar gona, rijiyar da ke ja da baya kowane rani, ƙiryar da ta ƙi tohuwa alhali kalgo na tohuwa, da baƙar ledar nan da ke kashe mana awaki duk da dokar da ta hana ta tun 2014. Muna roƙon kuma kowane ɗalibi ya ba ƴan ajinmu na ƙarshe yini ɗaya a gona. Yaron da ya ga wansa mai karatun jami'a ya durƙusa yana auna gindin gawo, ba zai ƙara ɗaukar noma aikin wanda ya faɗi jarrabawa ba.

Kafin a sa hannu bisa komi, muna ba da shawara wakilanmu su je su ga gidan da idonsu, domin gani ya kori ji. Jami'a gari ce guda: dubban mutane ke ci, su sha, su yi wanka, su zubar da shara a cikinta. Ba ofishin shugaba kaɗai za a tsaya ba. A zagaya bayan ɗakunan kwana. A duba itatuwan da aka dasa 3 ga Agustan bara, nawa ke da rai, wa ke ba su ruwa. A tambaya da me ake dafa abincin ɗalibai, in icce ne daga wane daji yake fitowa, domin mai yiwuwa daga irin namu ne. A ga ina ruwan wanka ke tafiya, ko yana shayar da lambu ko yana kwance yana haifar sauro. Ina sauran abinci ke zuwa, ko ana mai da shi taki. Ko akwai faifan sola bisa rufi. A kuma tsaya a gaisa da masu lambu da masu kiwon da ke maƙwabtaka da katangar, a ji yadda ake zama da su. Yadda mutum ke riƙe maƙwabcinsa na kusa, haka zai riƙe na nesa. Ba don neman laifi muka ce a duba ba. Mun san kuɗin jami'o'inmu kaɗan ne, ɗalibai kuma sun yi musu yawa. In an iske abin da ya yi kyau, a kwaikwayo shi a lakwal da kasuwa. In an iske inda suka gaza, to nan ne mu ma muke da abin bayarwa, kada mu je hannu sake kamar masu bara. Muna da irin gawo da ya bi ta cikin akuya, wanda ya fi saurin tsira. Muna da irin kuka, magarya da ɗorawa. Muna da taki. Muna da dattawan da za su iya nuna wa ɗalibi ɗan birni wane toho ake bari, wane ake datsewa, cikin filin jami'ar kanta.

Sauran magana taku ce, ƴan ci-rani. Ɗalibi ba mai albashi ba ne. In ya zo, ɗaki da tabarma da tuwo gari zai ɗauka, wannan iyayenmu mata sun riga sun ce ba komi. Amma kuɗin motar wakilai, da waya ta kewaye fili, da ƴan buhunan zanzaro in an samu, sai an haɗa. Kwamiti ya kawo shawarar jika biyu ga kowane mai sana'a a waje, wanda Allah ya hore wa ya ƙara, wanda bai samu ba bana kada ya ji kunya. Ma'aji zai rubuta kowane suna da abin da ya bayar, a buga a fitowa ta gaba, tare da abin da aka kashe.

In manya sun amince, wakilai biyar za su tafi: dattijo ɗaya daga gidan mai gari, mata biyu da ƙungiyar mata za ta zaɓa da kanta, mutum ɗaya daga rugga, da ɗaya daga cikinmu don faransanci. Za mu rubuta wasiƙar da harshe biyu, a karanta ta Hausar a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, wanda ke da gyara ya faɗa a nan take. Waɗanda ke nesa su aiko da nasu gyaran ta hannun wakilin ƙungiya na garin da suke kafin a gama ɗaurin dami, domin muna so wasiƙar ta isa Maraɗi tun ba a fara sassabe ba.

Mai gari, maganar tana hannunku.